Mogambo Ma Akta Ne: Tarihin Amrish Puri

A hutun da ya wuce ina gida Damagaram, muna zaune a fada bayan la'asar ana jiran shayi na biyu, sai na ga ƙanen wani abokina ya duƙufa a kan waya yana ta dariya shi kaɗai. Na tambaye shi fim ɗin wa yake kallo. Ya ce tsohon fim ne na Indiya da aka fassara, akta shi ne Anil Kapoor, bos kuma Mogambo. Na ce masa ai Mogambo ma akta ne. Wallahi kafin in rufe baki fada duka ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Haba ɗan jami'a, karatun ne ya kai ka haka? Yaushe bos ya zama akta?"

Na taya su dariya, amma maganar ta biyo ni har Yamai. Kalmar akta aro ce. Mu mun ɗauko ta daga Faransanci, ƴan uwanmu na Najeriya sun ɗauko tasu daga Ingilishi, kuma a harsunan biyu tana nufin duk wanda ya fito a wasa, babba ko ƙarami. Da ta shigo bakinmu sai ta tsuke, ta koma sunan mutum ɗaya tak a cikin fim, wato wanda ba ya mutuwa, wanda zai auri yarinya a ƙarshe. A ajinmu na kimiyyar harshe wannan shi ake kira tsukewar ma'ana, kuma ba laifi ba ne, haka harshe yake tafiya. Sai dai tsukewar nan ta bar mutane da yawa a waje. Mugun fim mun ba shi suna, bos ko shef bandi. Sauran kuwa, baban yarinya da alƙali da ɗan sanda da boka, ko suna ba su samu ba. Turawa suna da kalma ta musamman ga ɗan wasan da ake ɗauka don ya fito da wani hali, ba don kyau ko samartaka ba. Mu ba mu da ita. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku tarihin mutumin da muke kira Mogambo, don mu ga abin da kalmarmu ta ɓoye mana.

Sunansa Amrish Puri. An haife shi ranar 22 ga Yuni 1932 a garin Nawanshahr na yankin Punjab, lokacin Indiya tana hannun Ingila. Gidansu gidan fim ne tun kafin ya girma. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, ƴan wasa ne a Bombay, garin da yanzu ake kira Mumbai, kuma Madan ya yi suna sosai a matsayin mugu. Shahararren mawaƙin nan K. L. Saigal ma ɗan uwansu ne. Kowa zai ɗauka wanda ke da irin waɗannan ƴan uwa ƙofa a buɗe take gare shi. A shekarun 1950 ya sauka Bombay da burin zama jarumi, aka yi masa gwajin kamara, ya faɗi. An ga fuskarsa ta yi kaushi, ba irin wadda ake so ta tsaya tana yi wa budurwa waƙa a cikin furanni ba.

To, mi zai yi? Ya nemi aikin biro. Ya shiga hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ya yi kimanin shekara 20 yana wannan aiki. A nan ya haɗu da matar da ya aura a 1957. Ku duba wannan da kyau ƴan uwa, domin mu da muke ganin in mun shekara biyu da diploma a aljihu babu aiki duniya ta ƙare. Da rana yana kan takardu, da dare yana kan dandalin wasan kwaikwayo. A farkon shekarun 1960 ya fara koyon wasa wurin Ebrahim Alkazi, daga nan ya koma hannun Satyadev Dubey, wanda shi ne ya zama malaminsa na gaskiya. Dubey ya ba shi matsayin makahon sarki a wasan Andha Yug, daga baya ya fito a wasannin manyan marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar. A dandali babu kamara da za ta matso kusa da fuskarka. In muryarka ba ta kai kujerar ƙarshe ba, ka yi aikin banza. A wannan makaranta ce ya horar da muryar nan mai kama da tsawa daga nesa, ya koyi inda ake jan kalma da inda ake yin shiru. A 1979 aka ba shi lambar Sangeet Natak Akademi, wadda take cikin manyan lambobin da Indiya ke bai wa masu wasan dandali. Wato tun kafin mu san shi, masana sana'ar sun riga sun sallama masa.

Fim kuwa sai da ya kusa shekara 40 ya shige shi. A 1970 ya ɗan leƙo a Prem Pujari na Dev Anand, a 1971 ya fito a Reshma Aur Shera na Sunil Dutt, fim ɗin da wani saurayi mai suna Amitabh Bachchan ya fito a matsayin bebe. Duka ƙananan matsayi ne. Waɗanda suka fara gane amfaninsa su ne masu wani sabon salon fim da ya taso a Indiya a lokacin, fim maras yawan rawa da waƙa, mai duba rayuwar talaka kamar yadda take. Girish Karnad ya sa shi a Kaadu a 1973, da harshen Kannada. Sannan Shyam Benegal ya ɗauke shi.

A nan nake so mu tsaya kaɗan, don wannan ɓangaren tarihinsa ne ba ya zuwa fadarmu. A Nishant na 1975, Puri ya fito a matsayin babban wa a gidan masu gonaki, waɗanda ƙauye duka ke ƙarƙashin tafin ƙafarsu. Ƙannensa suka sace matar malamin lakwal, aka rasa mai cewa uffan, har ɗan sandan garin. Babu tsibiri, babu makami mai linzami, babu dariyar mugunta. Mutum ne kawai wanda ya saba in ya yi magana ba a maimaitawa. A Manthan na 1976 ya fito a matsayin ɗan kasuwar da ke sayen madarar makiyaya da arha, yana ɗaure su da bashi, yana kuma yaƙar ƙungiyar haɗin kai da suke son kafawa. Fim ɗin nan manoma da makiyaya 500,000 na jihar Gujarat ne suka haɗa kuɗinsa, kowa ya ba da rufi 2. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sayen hatsin manomi tun yana gona da kuɗin bashi, ba ya buƙatar fassara kafin ya gane wannan mutumin. Mugun da Puri ya fara nunawa irin wanda ake gaisawa da shi ne kowace safiya.

Kasuwar manyan fina-finai tana da nata mugayen tun da daɗewa. Akwai Pran, akwai Ajit, akwai Amjad Khan wanda ya girgiza ƙasa da Gabbar Singh a Sholay na 1975. Puri ya shiga sahunsu a 1980 da Hum Paanch, yana ɗan shekara 48, shekarun da wasu jarumai ke tunanin ajiye aiki. Daga nan sai ƙofa ta ɓalle. Vidhaata da Shakti a 1982, Hero a 1983, Meri Jung a 1985 inda ya fito lauya maras imani har ya ci lambar Filmfare, Nagina a 1986 inda ya fito gardin macizai yana farautar Sridevi da busa. Iyayenmu da suka yi zamanin gidan sinima da yayyenmu na zamanin kaset duk a wannan tsakanin suka san shi.

A daidai lokacin ne kuma Turawa suka neme shi. Ya samu ɗan matsayi a Gandhi na Richard Attenborough a 1982, sai Steven Spielberg ya ɗauke shi a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984, a matsayin Mola Ram, shugaban matsafa mai zaro zuciyar mutum da hannu yana raye. Saboda wannan fim ya aske kansa ƙwal, kuma bai sake tara gashi ba, sai ya koma tara huluna. Wannan aiki ya kai sunansa duniya, amma yana da tabo, kuma bai kamata a ɓoye ba. Fim ɗin ya nuna mutanen Indiya suna cin ƙwaƙwalwar biri da miyar idanu, ya mai da addinin Hindu kamar tsafin yankan mutane, sai Bature ya zo ya cece su. Gwamnatin Indiya ba ta yarda da labarin ba yadda yake, shi ya sa aka je Siri Lanka da Ingila aka ɗauka. Mu ƴan Afirka mun san wannan ciwo, mun sha ganin kanmu a fim ɗin wasu muna ihu da mashi a bayan Bature. Puri ya yi wasansa da ƙwarewa, babu mai musu. Sai dai ƙwarewar ta ƙara wa ƙaryar ƙarfi, kuma wannan shi ne haɗarin sana'ar. Mai ƙaramin matsayi ba shi ke rubuta labari ba, amma fuskarsa ce mutane ke tafiya da ita gida.

Sai 1987, shekarar Mr. India na Shekhar Kapur. Labarin kun san shi. Anil Kapoor talaka ne mai riƙon marayu, ya samu wata na'ura da ke sa ya ɓace, ga kuma Mogambo a tsibirinsa da kayan sojan zinariya, yana nufin Indiya da makamai, yaransa suna faɗawa cikin ruwan guba in ya ba da umarni. A takarda wannan mugun na tatsuniyar yara ne. Abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa jimla ce guda mai kalma uku, wadda ma'anarta ita ce Mogambo ya ji daɗi. A matsayina na ɗalibin harshe abu biyu ne suka ja hankalina. Na farko, mutumin ba ya cewa "na ji daɗi", sai ya kira sunan kansa kamar yana maganar wani. Mu da muka tashi kusa da fadar sarki mun san wannan salon. In ka faɗi gaisuwa, ba sarki ke amsawa da bakinsa ba, fadawa ne ke cewa sarki ya gaishe ka. Mogambo ya haɗa biyun, shi ne sarki shi ne bafaden kansa, kuma nan girman kansa yake. Na biyu, Puri ba ya faɗin jimlar iri ɗaya. Wani lokaci ya ja ta a hankali yana ƙwanƙwasa zobba a hannun kujera, wani lokaci ya sake ta da murmushi. Kalmomin ba su canza ba, amma wani faɗin yabo ne, wani kuma hukuncin kisa.

Akwai kuma dalilin da ya sa sunan ya zauna a bakin Bahaushe daram. Mo-gam-bo gaɓa uku ce, kowace irin tamu, kuma ƙarshenta Gambo ne, sunan da muke ba wanda ya biyo tagwaye. Amrish Puri kuwa sai mun yi masa gyara, mu cusa wasali mu mai da p ta koma f, ya zama wani abu kamar Amirish Furi. Harshe yana son sauƙi. Sunan aro ya cinye na yanka, har yau akwai waɗanda suka kalli fim ɗinsa hamsin ba su san sunansa ba.

Shekara ɗaya bayan Mogambo, a 1988, mutanen Indiya suka ga wani Puri dabam a tele. Tashar gwamnati ta Doordarshan ta nuna Tamas na Govind Nihalani, wanda aka ɗauko daga littafin Bhisham Sahni, a kan kashe-kashen da aka yi lokacin raba Indiya da Pakistan a 1947. Shirin ya tada ƙura har aka je kotu don a hana nuna shi, kotu ta ƙi. Puri ya fito a matsayin dattijon Sikh mai jagorantar jama'arsa da aka yi wa ƙawanya. Ku tuna shi ɗan Punjab ne, yankin da aka tsaga biyu a rabon, kuma yana ɗan shekara 15 abin ya faru. Mutum ɗaya, cikin shekara ɗaya, ya ba yara tsoro na wasa, ya kuma tuna wa manya tsoro na gaske.

Bayan 1991 Indiya ta buɗe kasuwarta ga duniya, fina-finai suka fara kallon ƴan ƙasar da ke zaune a Ingila da Amurka. Bai daina mugunta ba, ga Damini a 1993, ga Karan Arjun a 1995. Amma a 1995 ɗin ne aka ba shi matsayin da ni a ganina ya fi kowane, a Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra. Baldev Singh mai kanti ne a Landan. Fim ɗin da shi ya buɗe, yana watsa wa tantabaru hatsi yana kewar gonakin Punjab. Ya yi wa abokinsa alkawarin ƴarsa tun tana jaririya, ƴar kuma, wato Kajol, ta haɗu da Shah Rukh Khan. A lissafin fadarmu shi ne bos, tunda shi ya tare wa akta hanya. Amma wane irin bos ne wannan? Bai saci kowa ba, bai kashe kowa ba. Uba ne da ya yi shekaru a ƙasar wasu yana tsoron kada ƴaƴansa su ɓace masa, ya riƙe alkawari don shi kaɗai ya rage masa daga gida. Wanene a cikinmu bai san irin wannan uba ba, ko a gidansu ko a maƙwabta? A ƙarshen fim, a tashar jirgin ƙasa, yana riƙe da hannun ƴarsa gam, jirgi ya fara tafiya, sai ya saki hannun ya ce ta je ta yi rayuwarta. Kowa yana tuna gudun Kajol da hannun Shah Rukh a ƙofar jirgi. Amma in da uban bai yi sa'a uku yana sa mu jin nauyin riƙonsa ba, sakin ba zai zama komai ba. Hausawa sun ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Jarumtar jarumi daidai take da girman abin da ya tsaya a gabansa.

Daga nan matsayin uba ya buɗe masa. Ya ci lambar Filmfare a Ghatak na 1996 da Virasat na 1997, duka a matsayin uba, ya ba da dariya a Chachi 420, ya dawo da zafinsa a Gadar da Nayak a 2001. In ka jera waɗannan fuskoki, mai gonaki na shekarun 1970, sarkin ƴan ta'adda na shekarun 1980, uban da ke ƙasar waje na shekarun 1990, za ka ga kamar tarihin abin da ke damun Indiya ne a kowane zamani. Jaruman sun yi ta canzawa, daga Dilip Kumar zuwa Amitabh zuwa Anil Kapoor zuwa Shah Rukh, shi kuwa yana nan a gabansu duka. Ya fito a fim fiye da 400. Ciwon jini ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Mumbai ranar 12 ga Janairu 2005 yana da shekara 72. Littafin tarihin rayuwarsa, The Act of Life, ya fito bayan rasuwarsa.

Yawancinmu muna goye ko muna rarrafe lokacin da ya rasu. Mun same shi ne a faifai da memori, mafi yawa a fassarar Hausa. Ni ma ina son fassara, ta sa kakata tana bin labarin da a da sai dai ta yi hasashe. Sai dai ku lura da abin da ke faruwa. Mai fassara yana ɗora muryarsa a kan kowa, kuma sau da yawa bos ake ba muryar barkwanci. Muryar da mutum ya yi shekaru yana gini a dandali bayan ya tashi daga biro, ita ce abu na farko da ake sharewa. Ƙanen abokina da ke dariya a fada ya ga Mogambo, amma bai taɓa jin Amrish Puri ba.

Kada kuma mu ɗauka wannan magana ta Indiya ce kawai. In ba ka yarda mugun fim ɗan wasa ne ba, abin da ya rage shi ne ka ɗauka halinsa ne na gaske. A nan ƙasarmu Zalika Souley ta ɗanɗani wannan. Ta fito a fina-finan Moustapha Alassane da Oumarou Ganda tun shekarun 1960, har da Le Wazzou polygame da ya ci babbar lambar FESPACO a 1972, kuma saboda matsayin karuwa ko muguwar kishiya da ake ba ta, ta sha zagi da tsangwama a gari. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta a 2004. Ta yi aikinta da kyau ne har mutane suka kasa raba ta da shi. Haka muke yi har yau da masu fitowa a mugu ko boka a fina-finan Kano da wasannin tele namu.

Shi ya sa nake ganin muna buƙatar kalma. Na fara tunanin "mai hali", sai na tuna wannan mai kuɗi yake nufi. Abin da ya fi kwanta mini shi ne "mai aron hali", domin aro ana mayarwa. Mutum ya ari mugunta da safe, ya yi aiki da ita, ya mai da ita da yamma ya koma gidansa wurin iyalinsa. Na gwada kalmar a fada da na koma gida, wasu suka ce ta yi tsawo, bos ya fi daɗin faɗi. Gaskiyarsu, kuma na san kalma ba ta shiga harshe don ɗan jami'a ya so. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya rubuto a fitowa ta gaba mu tattauna.

Kafin nan ga roƙona. Ku nemi Dilwale Dulhania Le Jayenge wanda ba a fassara ba, ku je wurin tashar jirgin nan. Ko ba ku jin Indiyanci ba komai. Wannan karon ku bar kallon Shah Rukh, ku kalli tsohon da hannunsa, ku saurari yadda muryarsa ke sauka lokacin da zai saki ƴarsa. In kun gama, ku zo fada ku gaya mini ko akta ne ko ba akta ba. Ni zan sayi sukarin shayin.